Katakon Mista Stanli

Ku da kuke zama a bakin shagon shayin nan na Al Ras bayan la'asar kuna jiran a loda muku kaya a kwantena, na ji abin da kuke faɗa a kan sana'ata. Wai Baba Ɗanlami ba ya aikin komai, sai dai ya murɗa kunnen jita ya miƙa wa makaɗi, ya koma gefe ya harɗe hannu. Har an nuna mini waya, wai akwai manhajar da ke saita jita, da zarar koriyar fitila ta kawo shi ke nan. To madalla. Ku gyara zama ku ji yadda aikin yake, in kun ji har yanzu kuna ganin shan iska ne, sai ku zo in ba ku aron filayata.

Ni ma da dako na fara, kamar yadda wasunku suka fara. Daga Kano na zo, ina ɗaukar katan a wani sito a Al Qusais. Jikin sitonmu akwai ɗan shagon wani Ba'indiye mai suna Antoni, mai gyaran kayan kiɗa. Wata rana bayansa ya riƙe, ya kira ni in ɗaga masa wata lasifika, na ɗaga, na ga wayoyi zube a ƙasa sun cukurkuɗe, na tsuguna na fara warwarewa don ba na son ganin hargitsi. Ya tsaya yana kallona, sannan ya ce in dawo gobe. Na daɗe a shagon nan ban taɓa jita ba. Naɗin waya kawai. Ana naɗe ta ne zagaye ɗaya ta sama, ɗaya ta ƙasa, don kada zaren cikinta ya murɗe. In na naɗe, sai ya riƙe bakin wayar ya wurga ta tsakar shago. In ta miƙe sumul, ya yi shiru. In ta yi ƙulli, ya ce, "Sake." Sai da na daina jin wannan kalmar sannan ya ba ni ƙarfen narka dalma, kuma ga tabon ƙunarsa nan a yatsuna har yau.

Jitar farko da ya bari na buɗe ta wani ɗan Balarabe ce, ya saye ta da tsada ya bar ta a bayan mota cikin zafin garin nan. Wuyanta ya lanƙwashe, tsirkiyoyi sun tashi sama har za ka iya zura yatsa a ƙarƙashinsu. A nan na koyi cewa babban abokin gabarmu a Dubai yanayi ne. Waje wuta da danshi, ciki sanyin esi mai busar da komai, itace kuma bai manta cewa shi itace ba ne, yana sha yana kumbura, yana bushewa yana tsukewa. Akwai wani ƙarfe a cikin wuyan jita, ana juya shi da ɗan makulli, kaɗan kaɗan, a bar ta ta kwana, a sake dubawa. Mai gaggawa ya juya da yawa, sai ka ji ƙas, ta tafi ke nan. Manhajarku ba ta san wannan ba.

Kayan aikina ba su da yawa: filaya mai yanke tsirkiya, sukudirebobi ƙanana, ƙarfen dalma, magogi, man lemo na goge wuya, tocila da nake riƙewa da baki, da tsumma. Abokan cinikin Antoni yawancinsu 'yan Filifin ne masu kiɗa a otal-otal, mutane masu haƙuri, su kawo jita da safe su ce da yamma suke so. 'Yan uwanmu na nan Al Ras kuwa ba irin zolayar da ban sha ba. Wani Alhaji ya taɓa ce mini, "Ɗanlami, ashe maroƙi ka zo zama a ƙasar Larabawa?" Na ce masa ni itace da waya nake taɓawa, ba na sha, ba na rawa, in lokacin salla ya yi ina ajiye filaya. Bai gamsu ba, ni ma ban matsa ba.

Aikin da ya canja mini rayuwa wata tsohuwar jita ce ja, fentinta duk ya goge a inda hannu ke gogawa. Wani dogon Bature ya kawo ta, tsoho, gashinsa fari ya ɗaure shi a ƙeya. Ina juya ta sai na ga kan jitar, can sama inda kunnuwa suke, duk shaidar haƙora ce, wasu tsofaffi sun yi baƙi, wasu sababbi. Na ɗauka kare ne da shi. Na canja tsirkiya, na saita, na miƙa masa. Sai ya ɗaga kan jitar ya cije shi da haƙoransa na gefe, ya kaɗa tsirkiya ɗaya bayan ɗaya, idonsa a rufe. Ya saki ya ce, "Ta uku ta yi ƙasa kaɗan." Na duba da na'ura, haka ne. Ya dubi Antoni ya ce yana son wannan mutumin ya riƙa zuwa masa aiki. Sunansa Mista Stanli.

Labarinsa a bakin mutane na fara ji, daga baya shi ma ya riƙa sakin kaɗan kaɗan. A ƙuruciyarsa a Ingila ƙungiya gare shi ta masu kiɗan rok, irin kiɗan nan mai ƙara da jitar lantarki. Shi ne mai jita, shi ne shugaba, shi ke rubuta waƙoƙin. Sun cika manyan zauruka, sun je Amurka, an sa su a rediyo. Sannan zamani ya wuce su, aka watse, kowa ya kama gabansa, sai mutum ɗaya da bai rabu da shi ba, Joni mai ganga, wani dogon mutum, abokinsa tun suna yara a layi ɗaya. Su biyu suka zo Dubai, suka samu wani otal a Al Rigga mai zaure a ƙarƙashin ƙasa, suka ɗauki 'yan Filifin suka cike ƙungiya. Joni ya rasu kafin zuwana. An ce da rana tsaka ne suna gwaji, ya gama waƙa, ya ɗora sanduna a cinya, bai sake ɗagowa ba. Mista Stanli bai koma gida ba, don ba kowa gare shi a can. Bizarsa a hannun otal take, ɗakinsa a otal yake. Dandamalin nan shi ne kaɗai abin da ya rage masa.

Ku da kuke ganin shugaban ƙungiya tsayawa kawai yake a gaba, ku saurara. Shi ke ƙirga farkon waƙa. Shi ke gyaɗa kai mai fiyano ya shiga, ya ɗaga gira mai ganga ya sassauta. In waƙa za ta ƙare, ya ɗaga wuyan jita sama ya sauke, kowa ya tsaya tare kamar an yanke da wuƙa. Mista Stanli ba ya wasa da wannan. Mutum ya makara da bugu ɗaya, zai juyo ya kalle shi, kallon da ya fi zagi.

Yana da dokoki da na ɗauka rigimar tsufa ce. Ba ya hawa dandamali da takalmi. Amfilifayarsa, akwatin nan mai ɗaga muryar jita, ba a ɗora ta a kan taya ko roba, sai a kan katako tsurarsa. Kuma wuri ɗaya yake tsayawa, kan wani katako mai faɗi da ya taso daga ƙarƙashin ganguna ya zo har gaban dandamali. Ranar da na gane dalili, muna gwaji ne da azahar. Wata waya ta taɓu, lasifika ta ƙwala ƙarar nan mai huda kunne, kowa ya toshe kunnuwansa, har mai goge tebur ya yar da tire. Mista Stanli yana zaune a bakin dandamali yana shan shayi, ko gezau. Sai da ya ga fuskokinmu sannan ya yamutsa tasa fuskar, ya kai hannu kunne, a makare. Idonmu ya haɗu. Har muka rabu kalmar kurumta ba ta taɓa fita daga bakin ɗayanmu ba. Amma mu biyun mun sani, ranar da otal ya gane cewa shugaban makaɗansu ba ya ji, khalas, sai filin jirgi.

Daga nan aikina ya zama biyu. Ina gyaran jita, ina kuma yi masa kunne. Ina tsayawa a hagu inda zai gan ni. In na taɓa wuyan rigata, saiti ya sauka. In na dafa ƙirji, ƙararsa ta yi yawa. In wani ya yi masa magana ta baya, sai in matso gabansa in maimaita kamar ni ne ban ji ba, shi kuma ya karanta a leɓena. Saiti yana ji da haƙori. Bugun ganga kuwa da tafin ƙafa yake jinsa, ta cikin katakon nan. Shekaru muka yi a haka, ba wanda ya kama mu.

Abu ɗaya ne ya riƙa damuna. Wani lokaci in an tashi sai ya ce, "Ɗanlami, yaron nan mai ganga yana sauri yau. Joni ya yi ta ja masa birki." Ko ya ce, "Joni ya ji daɗin wannan." Yana faɗa ne yadda za ka ce an kawo wuta. Na ce a raina kewa ce, tsoho ne, ba ruwana.

Sai shekarar annoba ta zo, aka rufe gari. Ba na son tuna ta. Otal ya zama wayam, 'yan Filifin suka koma ƙasarsu, albashi ya tsaya, Antoni ya rufe shago ya tafi bai dawo ba. An bar Mista Stanli a wani ƙaramin ɗaki, ni kuma aka ce in zauna a masaukin ma'aikata in kula da kaya. Masu otal suka kashe esin zauren don rage kashe kuɗi. Cikin ɗan lokaci jitoci suka fara lalacewa a kan idona. Ɗaya ta tsage a baya, ɗaya gadarta da ke riƙe tsirkiya ta ɗago, tsirkiyoyi suka yi tsatsa, fatar ganguna ta saki. Na sassauta musu tsirkiya duka, na naɗe su da zanen gado, na kwashe su zuwa ɗakin ajiyar kayan miya na kicin inda ake barin ɗan sanyi. Jar jitar kaɗai ya hana ni ɗauka.

Domin shi bai daina aiki ba. Kullum bayan azahar zai sa baƙar rigarsa, ya sauko ƙasa, ya cire takalmi, ya hau. Kujeru duk an kifa su a kan tebura an lulluɓe da fararen ƙyallaye. Gangunan Joni, don nasa ne na asali ake amfani da su, suna baya a rufe da bargo. Zai juya ya ƙirga wa mutanen da ba sa nan, ya fara, ya bi waƙoƙin daga ta farko har ta ƙarshe. Yana barin gurbin mai fiyano. Yana gyaɗa wa iska kai. Ni kuma ina tsaye a hagu, don in ban tsaya ba zai tambaya.

Maigadin da aka bari a otal ɗin wani ɗan Damagaram ne, Isufu. Wata rana ya same ni a matakala ya ce, "Malam Ɗanlami, tsohon nan naka lafiya yake kuwa?"

Na ce, "Lafiya lau. Motsa hannu yake kada ya sandare."

Ya ce, "To wa ke buga masa gangar?"

Na ce ba mai buga ganga, an ma rufe su.

Ya ce, "Mon frère, ni a sama nake zaune, kan kujerar ƙarfe. Ba da kunne nake ji ba, a ƙafar kujera nake ji. Dum, dum. In ya tsaya, ta tsaya. Wallahi c'est pas normal, abin nan ba lafiya ba."

Na yi masa dariya, na ce jirgin ƙasa ne, metro ce, ai ta ƙarƙashin Al Rigga take bi. Ya dube ni ya ce, "Wace metro? Ai an tsayar da ita." Gaskiyarsa, a kwanakin nan ba jirgin da ke tafiya.

Ba a daɗe ba suka yanke wutar zauren gaba ɗaya, sai 'yar fitilar gaggawa mai kore a saman ƙofa. Na sauko da niyyar in gaya masa yau ba kiɗa, na tarar har ya hau, ya soka waya a amfilifayar da ba wuta, ya fara. Jitar lantarki in ba wuta ba ta da murya, sai ɗan ƙis-ƙis na tsirkiya, kamar ɓera a cikin kwali. Na tsaya ina jira ya gane, don in amfilifaya ba ta aiki ba abin da zai motsa katako, dole ƙafarsa ta gaya masa. Bai gane ba. Ya yi waƙa ta farko, ta biyu, ta uku, diddigensa na tafiya daidai, gumi na zuba. Da ya gama ya goge fuska ya ce, "Yau sauti ya fito, Ɗanlami. Me ka taɓa?"

Na ce, "Ban taɓa komai ba, maigida."

Da ya hau sama, na daɗe a tsaye. Sannan na yi abin da har yau ban san me ya kai ni ba. Na cire takalmi na taka katakon. Da farko ba komai, sai ɗumin ƙafarsa. Ina shirin sauka sai na ji shi, can ƙasa, a hankali, ba gaggawa. Dum. Dum. Tsigar jikina ta tashi tun daga ƙafa har ƙeya. Na ji tsoro, tsoro na gaske, irin wanda rabona da shi tun ina yaro. Na yi a'uziyya, na ɗauki takalmina a hannu, ban tsaya sawa ba sai a saman bene. Kada ku tambaye ni mene ne. Na bi bututun ruwa, na duba injin kicin, na leƙa ƙarƙashin dandamali da tocila, ƙura ce kawai da tsofaffin wayoyi. Isufu kuwa ya ɗauke kujerarsa ya mayar da ita bakin titi, ya gwammace zafin rana.

Da aka buɗe gari, otal ya kawo sabon manaja, wani matashi ɗan Labanan, mai fara'a da saurin magana. Ya ce zauren ya tsufa. Ma'aikata suka zo suka ɓamɓare dandamalin katako, suka zuba kankare, suka shimfiɗa kafet, suka kafa manyan allunan hoto. Sannan ya tara mu, har da sababbin makaɗan da aka ɗauko, ya ce yanzu zamani ya canja, ba amfilifaya a kan dandamali, ganguna ma na lantarki ne marasa ƙara, kowane makaɗi zai sa abin ji a kunne. Ya ce za a yi gwaji a gabansa da wakilin mai otal kafin a sabunta kwantiragin kowa. Yana magana yana juya baya yana nuna alluna, ni kuma ina gaban Mista Stanli ina maimaitawa. Na ga lokacin da maganar ta isa gare shi. Ya dubi kankaren nan, ya dubi ƙafafunsa.

Kankare ba ya ɗaukar bugu. Abin kunne kuma ga wanda ba ya ji, ado ne. A ranar na bi motar shara har bayan otal, na roƙi direban, na tono katakon daga cikin tarkace. Ba don ina son sake ganinsa ba, sai don shi ƙafar tsohon ta sani. Na yanke shi daidai tsayuwar mutum ɗaya. Na cire maganaɗisun wata babbar lasifika da ta mutu na ɗaure shi a ƙasan katakon da ƙusoshi masu zare, na ɗora katakon a kan robobi don ya samu wurin rawa, na ja waya daga babbar gangar ƙafa zuwa wata ƙaramar amfilifaya da na ɓoye a bayan allo. Na rufe shi da ragowar kafet, na ce wa manaja tsoho ne, gwiwa ke damunsa, ba ya iya tsayawa kan kankare. Ya ce, "Yalla, habibi, ba matsala." Muka gwada da sabon mai ganga, wani ɗan Filifin mai suna Rudi. Rudi ya taka, katako ya amsa, Mista Stanli ya ɗaga mini babban yatsa. A duk shekarun da na yi ina wannan sana'a ban yi aikin da na yi alfahari da shi kamar wannan ba.

Ranar gwaji da la'asar ne, zauren ba kowa sai manaja da wakilin mai otal a tebur na gaba. Mista Stanli ya ƙirga, suka shiga. Waƙa ta farko sumul, ta biyu haka, ta uku har wakilin yana kaɗa ƙafa. Ban taɓa wuyan rigata ko sau ɗaya ba. Suka zo ta ƙarshe, tsohuwar waƙarsu ta Ingila, wadda a da doguwa ce sosai, da wani wuri a tsakiya inda jita da ganga ke amsa wa juna. Tun bayan rasuwar Joni ya datse wannan wurin, a gajarce suke yin ta, kuma haka aka koya wa sababbin yaran. Suka iso inda ake tsayawa, suka dubi wuyan jitarsa. Bai ɗaga ba. Idonsa a rufe yake. Suka ƙara zagaye ɗaya, suka kalli juna, Rudi ya rufe waƙar da kansa, kowa ya tsaya.

Shi bai tsaya ba.

Ku fahimci abin da nake gaya muku. Rudi ya ɗauke ƙafarsa daga ganga, saboda haka na'urata ta yi shiru, fitilarta ma ina kallo ba ta motsi. Amma diddigen Mista Stanli na tafiya, a hankali fiye da na ɗazu, daidai wa daida. Ya shiga wurin nan da aka datse. Zai yi jimla da jita, ya yi shiru, ya karkata kai yana saurare, ya yi murmushi, ya ba da amsa. A cikin shirun nan ba abin da ake ji a zauren sai hucin esi. Sannan ya juya baya, ido a rufe, ya gyaɗa kai wajen ganguna, ba inda Rudi yake ba, ɗan sama da kansa, inda kan dogon mutum zai kai. Rudi ya ajiye sandunansa a hankali, ya zame daga kujerar, ya koma jikin bango ya yi alamar addininsu a ƙirji.

Kuma kiɗan, wallahi ban taɓa jin ya yi irinsa ba. Hannun da na sani yana rawa in ya ɗauki kofin shayi, ranar ba rawa a cikinsa. Abin ya yi daɗi har ya ba ni tsoro, kuma ba alamar zai ƙare. Na taɓa wuyan riga, na dafa ƙirji, na ɗaga hannu, duk a banza, mutum ido a rufe. In na kashe sautinsa daga inda nake, ba zai sani ba, zai ci gaba da ƙis-ƙis a gaban mutane, wannan kuwa tozarci ne. A sana'armu kuma ba a karɓar jita daga hannun makaɗi sai shi ya miƙo. Abin da ya rage mini ɗaya ne. Na ɗauki jita ta biyu, na hau dandamali kamar lokacin canji ne ya yi. Na kewaye katakon, ban yarda ƙafata ta taɓa shi ba. Na tsaya a gabansa, na taɓa gwiwar hannunsa. Sanyi ƙalau, mutumin da ke zuba gumi.

Sai da na taɓa sau biyu ya buɗe ido. Ya dube ni kamar bai san ni ba. Sannan ya dubi mai fiyano da hannuwansa ke kan cinya, ya dubi kujerar ganga ba kowa, ya dubi Rudi a jikin bango. Hannunsa ya sauka daga tsirkiya.

Ya ce, "Tun yaushe suka tsaya?"

Na ce, "Da ɗan jimawa, maigida."

Sai ga tafi daga tebur na gaba. Manaja ya miƙe tsaye yana tafawa, wakilin ma haka. Su a ganinsu shiri ne, wasa ne aka tsara, har da tashin mai ganga. Manaja yana cewa, "Habibi, wannan shi ne! Haka nake so kullum! Gobe a sa hannu, inshallah!" Daɗi ya kama ni. Na matso gabansa na buɗe baki sosai don ya karanta, na ce, "Sun yarda. Sun ce ka zauna. Mun ci, maigida."

Ya karanta, na ga ya karanta. Ya cire igiyar jitar daga kafaɗa ya miƙo mini jar. Na karɓa, na miƙa masa ta biyun. Bai karɓa ba.

Ya ce, "Ɗanlami, shugaban da bai san mutanensa sun tsaya ba, ba su yake jagoranta ba."

Na ce, "Sau ɗaya ne. Gobe zan tsaya kusa, in ka rufe ido in taɓa ka."

Ya girgiza kai. Ya sassauta murya, shi da bai san ƙarfin muryarsa ba, har sai da na matso. Ya ce, "Yau ma da ƙyar na baro Joni. Bai gama ba, yana jira. In na sake hawa, ko ka taɓa ni ba zan juyo ba."

Ya sauka daga kan katakon da baya, ƙafa ɗaya bayan ɗaya, kamar mai fita daga ruwa. Ya zauna a bakin dandamali ya sa takalmansa, ya ɗaure igiyar a natse. Ya miƙe ya bi ta tsakiyar tebura ya nufi matakala. Manaja ya biyo bayansa yana kira, "Mista Stanli! Mista Stanli! Shwaiya, tsaya mana!" Bai juyo ba. Manaja ya ƙara ɗaga murya, har zauren na amsawa, bai juyo ba. Sai manajan ya tsaya cak, hannunsa a sama, ya waiwayo ya dube ni, na ga ya fara ganewa.

Ya ce, "Je ka kira shi mana."

Aikina ne, shekara da shekaru ni ke zagayawa gabansa in maimaita masa abin da aka faɗa a bayansa. Ina tsaye da jita a kowane hannu, ina jin takunsa yana hawa matakala. Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙyale shi ya tafi."